FAIFAN DAIMON: ABIN DA YAKE CI, DA ABIN DA KE CINYE SHI

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in damina ta ɗauke, aka gama kai amfanin gona gida, sai ƙungiyoyinmu na gama kai su juya wajen gyare-gyare. Ga bakin rijiya ya tsage, ga daɓen shanyar shinkafa ya farfashe, ga ƙaramar magudanar ruwa tana yoyo, ga kuma ɗakin ajiyar hatsi yana bukatar taga. Dā da guduma da cizal ake fama da irin wannan aiki. Yanzu kuwa magina da yawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun suna riƙe da injin hannu, wanda suke kira giranda, da faifai mai haƙoran daimon.

Kukan da muke yawan ji a wajen taro iri ɗaya ne. Wani ya ce faifansa ya cinye tun aiki bai kai rabi ba. Wani ya ce nasa sabo ne ful, haƙoransa na nan, amma ya ƙi ci, sai tartsatsi da zafi. Da yake kuɗin faifan daga asusun ƙungiya yake fitowa, watau daga gumin membobi, ya kamata mu san dalili.

KANKAREN DA MUKA GADA

An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tafkin yana iya riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 450, an kuma shirya ya shayar da wajen hekta 23,000. Mutanen ƙasar Maradun, har da wajen Dosara, sun san abin da wannan ruwa ya ci. Gidaje da gonaki da itatuwan amfani sun nutse, kuma a watan Afrilu na 1980 an yi hasarar rayuka a rikicin biyan diyya. Abin da aka saya da irin wannan tsada bai kamata a bar shi ya lalace ba.

Kankaren magudanan ruwa na farko ya haura shekara 40. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, Bakolori kuwa na cikin wuraren da aka ware domin gyara. Amma ko an gyara manyan hanyoyin ruwa, ƙananan da ke kai ruwa bakin gona suna wuyan manoma da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Sai dai a lura, manyan magudanai da ƙofofinsu na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ne. Kada kowa ya sa musu faifai sai da izinin hukuma.

MENE NE FAIFAN DAIMON?

Daimon ya fi kowane dutse tauri. A ma'aunin taurin duwatsu, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, shi ne na 10. Dutsen ƙanƙara, wanda shi ne yawancin yashin gulbi, yana kan 7. Farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Kalambaina domin yin siminti tana wajen 3.

Kada wani ya zaci lu'ulu'un ado ne aka manna wa faifan. A watan Disamba na 1954 masana a kamfanin General Electric na Amurka suka yi nasarar ƙera daimon daga gawayin ma'adini, ta wurin matsi mai tsanani da zafi. Yau ana yinsa da yawa a masana'antu, mafi yawa a ƙasar Sin, shi ya sa talaka ke iya sayen faifan.

Faifan kashi biyu ne. Akwai jikinsa na ƙarfe. Akwai kuma haƙora a baki, waɗanda aka yi da garin ƙarfe, kamar tagulla da baƙin ƙarfe da kobal, aka cuɗa da tsakin daimon ƙanana kamar yashi, aka matse aka gasa. Wannan garin ƙarfe da ke riƙe da daimon shi za mu riƙa kira mariƙi.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Faifan daimon ba ya yanka kamar wuƙa ko zarto. Niƙa yake yi, kamar dutsen niƙa. Tsakin daimon da ke waje su ke kankare dutse. In sun gaji, sai su farfashe ko su faɗi. A wannan lokaci dole mariƙi ya ɗan cinye domin sababbin tsaki na ƙasa su fito. Garin dutsen da ake yankawa shi ke goge mariƙin. Watau faifan yana wasa kansa ne da abin da yake ci. In mariƙi ya cinye da sauri, daimon zai zube tun bai yi aikinsa ba. In kuwa ya ƙi cinyewa, daimon zai dakushe, faifai ya yi santsi, ya daina ci.

ABU MAI TAURI DA ABU MAI YASHI

Daga nan ne ƙa'idar da ke ba mutane mamaki ta fito: abu mai tauri, mariƙi mai laushi, abu mai laushi mai yashi, mariƙi mai tauri.

Ƙasarmu tana kan iyaka ne. Ta gabas da kudu, wajen Maradun da Maru da Anka, akwai tsofaffin duwatsu masu tauri irin su giranit. Ta yamma da arewa, in an doshi Sakkwato, sai dutsen yashi da tsakuwa da marmara. Saboda haka abin da magininmu ke yankawa iri-iri ne.

1. Giranit da tsohon kankare mai tsakuwar ƙanƙara. Waɗannan suna dakusar da daimon da wuri, garinsu kuma laushi gare shi, ba ya goge mariƙi sosai. Suna son mariƙi mai laushi.

2. Bulon siminti, da dutsen yashi, da marmara, da kwalta. Yankansu ba wuya, amma garinsu kaifi gare shi, yana cin mariƙi kamar gara. Suna son mariƙi mai tauri.

3. Ɗanyen kankare, wanda bai yi kwana biyu ba. Siminti bai gama kama yashi ba tukuna, don haka yashin na kwancewa yana goge faifai. Sai a ɗauke shi kamar bulo. Kankare ba ya kai ƙarfin da aka auna masa sai ya yi kwana 28, bayan haka ma yana ƙara tauri a hankali.

4. Kankare mai rodi, irin na zobban rijiya da kwalbati. Faifan zai wuce rodi ɗaya ko biyu, amma kowane rodi yana rage masa kwana, domin daimon ba ya shiri da baƙin ƙarfe in zafi ya yi yawa. In rodi kaɗai za a yanka, a nemi baƙin faifai na ƙarfe.

To, wanda ya sayi faifan giranit ya tasa bulo 200 a gaba, shi ne mai kukan faifai ya cinye. Wanda ya sayi faifan bulo ya kai wa tsohon kankaren magudana, shi ne mai kukan ya ƙi ci. Dukansu biyu ba lallai ne an cuce su a kanti ba. An ɗaura wa jaki garmar shanu ne. A jikin kwali akan zana ko a rubuta abin da faifan ke ci. Kafin a biya, a sa wanda ya iya karatu ya duba.

Har wa yau bakin faifai iri uku ne. Mai giɓi-giɓi yana da sauri, iska na sanyaya shi, garin dutse na fita, amma yakan ɓantare gefen aiki. Shi ne na kankare da bulo. Mai baki a haɗe, marar giɓi, yana yanka sumul amma a hankali. Shi ne na tayil, kuma yana son ruwa. Na uku mai baki a haɗe ne amma da zane-zanen tsagi, ana ce masa tabo, yana tsaka-tsaki.

DA RUWA KO A BUSHE

Babban abokin gāban faifai shi ne zafi. In ya yi yawa, jikin ƙarfen ya kan lanƙwashe, launinsa ya koma shuɗi, daimon ya ƙone, wani lokaci ma haƙori ya ɓalle ya tashi kamar harsashi. Ruwa yana aiki uku: yana sanyaya faifai, yana wanke garin dutse daga tsagi, yana kuma kwantar da ƙura. Shi ya sa faifai ɗaya zai fi daɗewa, ya kuma fi sauri, in ana yanka da ruwa.

Faifan da aka rubuta na bushe ne, ana iya sa masa ruwa. Amma wanda aka rubuta na ruwa ne, kada a kuskura a yi aiki da shi a bushe ko na minti ɗaya, gama haƙoransa da yawa da narkakken azurfa aka like su, zafi kuwa na narkar da likin.

In da ruwa za a yi, ya riƙa zuba a gefe biyu na faifan ba yankewa. Yayyafi jefi-jefi ma yana ɓarna, domin ƙarfe mai zafi in ya sha sanyi farat ɗaya yakan tsage. Ruwan magudana kuma yakan zo da laka da yashi, sai a tara shi a duro ya kwanta tukuna. Taɓon da ke fita daga yankan kankare yana da kaifin siminti, yana cin fata, kada a bar shi ya gangara cikin fangalin shinkafa.

Amma fa a yi hankali. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Giranda ta hannu mai waya ba a yi ta domin ruwa ba. Kada yaro ya tsaya da buta yana tsiyaya ruwa a kan injin da ke jone da janareta. Yankan ruwa sai da injin da aka ƙera domin haka, kamar mai aiki da fetur, wanda ke da bututun ruwa a jikinsa.

In dole a bushe za a yi, sai a yi da hutu. A yanka na ɗan lokaci, ƙasa da rabin minti, a ɗaga faifan ya juya a iska kamar ƙirgen 10, sa'an nan a koma. A kwanakin bazara, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, gara a yi aikin da sassafe.

GUDU, DANNAWA DA ZURFI

A jikin kowane faifai an rubuta iyakar juyin da zai iya yi a minti ɗaya. Ƙarami mai inci 4 da rabi, watau milimita 115, iyakarsa wajen 13,300. Babba mai inci 9, watau milimita 230, iyakarsa wajen 6,600. Ƙaramar giranda kuwa tana juyi wajen 11,000 a minti. Saboda haka wanda ya cire murfin tsaro ya ɗaura babban faifai a ƙaramin inji ya sa shi gudun da ya zarce ƙa'ida da fiye da rabi. In ya fashe, fuska da wuya da cinya su ne a gabansa. Wannan haramun ne a aikin ƙungiya, ko wane ne maginin.

Gudu kaɗan ma yana da nasa lahani. In faifai na juyawa ƙasa da yadda ya kamata, kowane tsakin daimon yana ɗaukar kaya fiye da ƙarfinsa, sai ya tumɓuke, faifai ya cinye da wuri. Wannan yakan faru in janareta ta yi ƙanƙanta. Babbar giranda tana jan wat 2,000 ko fiye, ƙaramar janaretar da ake kunna ƙwai da fanka kuwa ba ta kai wat 1,000 ba. Doguwar waya siririya ita ma tana rage ƙarfi. In kun ji kukan inji ya sauka sosai sa'ad da faifai ya shiga dutse, to, ko wuta ta gaza, ko hannu ya yi nauyi.

Game da dannawa, a bar faifai ya ci da kansa. Danna shi da ƙarfi ba ya ƙara sauri, zafi kawai yake ƙarawa. Shafa shi a hankali ƙwarai a kan dutse mai tauri kuma yana sa ya yi santsi. Hannu daidai, tafiya ɗaya, layi miƙaƙƙe. Kada a murɗa shi cikin tsagi, kada kuma a yi gūga da gefensa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙaramin faifai zurfinsa wajen inci 1 ne, babba wajen inci 2 da rabi. Kada a nemi dukan zurfin a tafiya ɗaya. A fara da rabin inci, a dawo a ƙara, a sake dawowa. Sa'an nan kada a huda daɓe har faifai ya shiga yashin da ke ƙarƙashi, domin yashin zai ci jikin ƙarfen a gindin haƙora har su ɓalle.

ALAMU DA MAGANINSU

Faifai ya ƙi ci, bakinsa na sheƙi, in an shafa ba kaushi: ya yi santsi. Kada a yar. A yanka bulon siminti ko dutsen yashi sau 5 ko 6, mariƙi zai goge, daimon ya fito.

Haƙora na ƙarewa da sauri: mariƙi ya yi laushi ga wannan aiki, ko wuta ta gaza.

Jiki ya yi shuɗi: zafi ne. A ƙara ruwa ko hutu.

Gefe ɗaya ya fi cinyewa, ko faifai na rawa: ba a ɗaure shi daidai ba, ko ramin tsakiya bai dace da inji ba, ko injin ya gaji. A duba kuma kibiyar da ke nuna wajen juyawa.

Tsagi a jikin ƙarfe, ko haƙori ɗaya ya fita: aikinsa ya ƙare. A lanƙwasa shi a jefar, don kada wani ya tsinta ya ɗaura.

AYYUKA BIYU DA MUKA FI YI

Facin magudana. Yawancin faci na ɓarewa ne domin an shafa siminti a kan tsagi, gefensa ya yi siriri. A zana murabba'i kewaye da wurin da ya lalace, a bi layin da faifai zurfin inci 1, a fasa na ciki da guduma da cizal, a wanke, a jiƙa, sa'an nan a zuba sabo. A rufe da buhu, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7.

Daɓen shanya. Kankare yana tsukewa in yana bushewa, don haka sai ya tsage. Dabara ita ce a nuna masa inda zai tsage. In kaurin daɓe inci 4 ne, a yi tsagi mai zurfin inci 1, watau rubu'in kauri, kowace ƙafa 8 zuwa 12. Lokacinsa tsakanin awa 6 da 18 bayan zubi. In an yi garaje tsakuwa za ta tumɓuke, in an makara daɓen ya riga ya tsage inda ya ga dama. Amma ga wata hanya da ba ta cin ko kwabo: tun kankare na ɗanye, magini ya ja layin da bakin cokalinsa, ko ya kafa siririn katako. Ba kowane aiki ke bukatar inji ba.

ƘURA

Mutanen Zamfara ba sa bukatar a gaya musu ƙurar dutse tana kisa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Yargalma da Bagega, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Ƙurar kankare da giranit ba ta dalma ba ce, amma tana ɗauke da garin ƙanƙara mai laushin da ido ba ya gani. In ya shiga huhu ba ya fita. Yana sa huhu ya yi tabo ya ƙage, numfashi ya riƙa gazawa bayan shekaru, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wannan ciwo ba shi da magani, sai rigakafi.

Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan gari. A nemi abin rufe hanci mai lamba N95 ko FFP3, wanda ya kama fuska sosai. A sa tabarau, a toshe kunne, a sa takalmi rufaffe. Mai yanka ya tsaya iska na bayansa. A kori yara nesa, a kawar da hatsin da ke shanya. Kada a yanka a cikin ɗaki rufaffe, kada a share garin a bushe, a jiƙa shi tukuna. Kayan aiki kuma a wanke su kafin a shiga gida a ɗauki jariri.

SHAWARA GA KWAMITI

Araha ba ta ado. Mu ɗauka faifai ɗaya kuɗinsa kwano 10 na shinkafa, ya yanka ƙafa 100 ya mutu. Wani kuma kwano 25, ya yanka ƙafa 400. Domin ƙafa 400, mai arahar zai ci kwano 40, ban da wahalar komawa kasuwar Mafara ko Gusau sau 4, ga kuma yadda hanyoyi suke. Amma tsada kaɗai ba shaida ba ce. Shaida tana cikin littafi. Magatakarda ya rubuta sunan faifai, da kuɗinsa, da abin da aka yanka, da ruwa ko a bushe, da yawan ƙafa. Rani biyu ya isa ku san wanda ya dace da ku.

Ƙungiya ta ajiye faifai biyu, na bulo dabam, na tsohon kankare dabam, a shafa musu fenti don kada a gauraya. A zaɓi mutum biyu su koyi aikin, su kaɗai ke taɓa injin. In aikin shekara bai taka kara ya karya ba, haya ta fi saye, ko kuwa ƙungiyoyi biyu ko uku su haɗa kuɗi. Maƙwabtanmu Musulmi da muke shan ruwan magudana ɗaya da su, a gayyace su, gama yoyon da ke cin gonarmu yana cin tasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A taronku na gaba, bayan addu'a, muna roƙo a karanta Mai Hadishi sura 10 aya 10, wadda ta yi magana a kan aiki da ƙarfe mai dakushi, sa'an nan a karanta wannan shafi ga waɗanda ba su iya karatu ba. Kuɗin ƙungiya amana ne, haka kuma idon magini da huhunsa. Wanda ke da tambaya ya ba shugaban ƙungiyarsa, za mu amsa a wajen zagaye. Allah ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya kai mu damina lafiya. Amin.